Wasan Dandali a Intanet: Shin Manyan Kamfanoni Za Su Zuba Masa Jari?

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Gashuwa ko Nguru ya san gidan gem, ko da kuwa bai taɓa biyan kuɗi ya zauna ya buga ba. Ɗan ƙaramin shago ne mai talabijin biyu ko uku, da benci, da janareta yana ta ƙugi a bakin ƙofa. Yawancin masu shiga ƙwallo ce ke kai su: a zaɓi Barcelona ko Chelsea, a fafata na minti goma, wanda aka ci ya biya ya tashi. Amma tun ina sakandare nake lura da wasu yara da ba ruwansu da ƙwallo. Su dai a sa musu GTA San Andreas, wasan da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004. Wasan yana da labari, yana kuma da ayyukan da ake son mai wasa ya bi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe. Ni dai ban taɓa ganin yaron da ya bi su ba. Sai dai ya ɗauki mota ya yi ta zaga gari, ko ya hau keke ya nufi tsauni don kawai ya ga abin da ke bayansa, 'yan kallo kuma kowa na faɗin inda yake so a nufa.

Abin da waɗannan yara ke nema, akwai nau'in wasan kwamfuta da aka gina musamman dominsa, wanda kuma dubban mutane ke bugawa tare ta intanet. Masoya wannan nau'i sun daɗe suna jiran ranar da wani babban kamfani zai zuba masa maƙudan kuɗi kamar yadda ake zuba wa sauran wasanni. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ko wane irin wasa ne wannan, da dalilin da ya sa masu kuɗi ke ɗari-ɗari da shi, da kuma abin da ya shafe mu a ciki a matsayinmu na ɗaliban harshe.

Wane Suna Za Mu Ba Shi?

Sunan da Turawa suka ba wannan nau'i ma'anarsa ita ce "akwatin yashi". A ƙasashensu akan haɗa katako a zuba yashi a ciki domin yara su yi wasa, su gina abin da suka ga dama su rushe. Idan muka fassara sunan kalma da kalma, mutumin arewacin Yobe dariya zai yi. Wanda ya taɓa ganin tuddan rairayi na Tulo-Tulowa a Yusufari ya san mu ba ma sa yashi a akwati, hasali ma shi ne ke neman rufe mana gonaki. Don haka ni a ganina sunan da ya fi dacewa shi ne "wasan dandali". Dandali fili ne da ba wanda ya tsara abin da za a yi a cikinsa. 'Yan mata su yi gaɗa a nan, samari su yi langa a can, mai tsire ya kafa tukubarsa a gefe, in rigima ta tashi waɗanda ke wurin su raba. Kalmar ma ta yankinmu ce, domin Hausa ta aro ta daga Kanuri, inda "dandal" ke nufin filin ƙofar fada.

Kishiyar wannan nau'i kuwa Turawa sun sa mata sunan wuraren shaƙatawa masu lilo, inda ake bin layi a hau wannan a sauka a hau wancan. Mu a nan za mu kira ta "wasan jirgin ƙasa". A zamanin da jirgi ke tasowa daga Kano zuwa Nguru, fasinja ya san zai bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, kuma duk kyan abin da ya hango ta taga ba shi da ikon karkatar da jirgin. Haka wannan wasa yake. Kamfani ne ya rubuta labari, ya ajiye dodanni a tashoshinsu, kowane mai wasa ya bi ta inda na gabansa ya bi.

Abin da ya haɗa nau'o'in biyu shi ne taron jama'a. Duniyar wasan ba a cikin wayarka ko kwamfutarka take ba, tana cikin wasu manyan na'urori na kamfani da ake kira saba. Idan ka kashe na'urarka ka kwanta, duniyar ba ta tsaya ba. Kana iya wayar gari ka tarar an kafa gari kusa da gidanka, ko kuma an yashe gidan.

Yadda Aka Faro

Abin mamaki shi ne babban kamfani ne ya fara zuba kuɗi a wannan harka. A watan Satumba na 1997 kamfanin Origin, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Electronic Arts, ya fitar da Ultima Online. A cikinsa mutum yana iya zama maƙeri ko masunci ko tela ko ɓarawo, ya gina gida, ya buɗe shago. Masu wasan sun tsara daji mai rayuwa irin ta gaske, inda dabbobi masu cin ciyawa ke kiwo, masu cin nama kuma ke farautarsu, ta yadda in abinci ya yi ƙaranci a daji manyan namun za su matso kusa da gari. Richard Garriott, jagoran aikin, ya ba da labarin yadda abin ya ƙare: ana buɗe wa jama'a ƙofa suka bi duk wani abu mai motsi suka karkashe, tun kafin tsarin ya fara aiki. Dole aka cire shi. Shi kansa Garriott bai tsira ba. A watan Agusta na 1997, lokacin da ake gwajin wasan, ya shiga a matsayin sarkin ƙasar yana yi wa talakawansa jawabi, sai wani ya jefa masa wuta ya kashe shi a gaban kowa.

Wannan na ban dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne yadda tsofaffin 'yan wasa suka mai da sababbin shiga abin farauta. Mutum ya kwashe awa uku yana sarar itace, a kan hanyarsa ta komawa gari a tare shi a kashe, a kwashe kayan. Da yawa ba sa dawowa, kuma duk wanda bai dawo ba kuɗin watansa ya tafi da shi. A shekarar 2000 sai kamfanin ya raba duniyar gida biyu, ɗaya ba a taɓa kowa sai da yardarsa, ɗaya kuma kowa tasa ta fisshe shi. Jama'a suka yi ƙaura zuwa ta farkon.

A 2003 wasannin dandali biyu suka fito, EVE Online na wani ƙaramin kamfani a ƙasar Iceland mai suna CCP, da Star Wars Galaxies na ɓangaren wasanni na Sony. A na biyun akwai sana'o'i sama da 30, har da mawaƙa da masu rawa da likitoci. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 2004 kamfanin Blizzard ya fitar da World of Warcraft, wanda wasan jirgin ƙasa ne tsantsa, mai sauƙin shiga, mai kyan gani. Ultima Online a ganiyarsa masu biyan kuɗin wata kimanin 250,000 ya samu. World of Warcraft kuwa sai da ya kai miliyan 12 a 2010. Duk wani mai jari da ya ga waɗannan alƙaluma biyu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A watan Nuwamba na 2005 masu Star Wars Galaxies suka yi wa wasansu garambawul domin ya yi kama da na Blizzard, suka mai da sana'o'in nan guda tara kacal. Tsofaffin 'yan wasa suka watse, sababbin da ake sa rai ba su zo ba, aka rufe wasan a Disamba 2011.

Abin da Ke Tsorata Masu Kuɗi

A takarda, wasan dandali ne ya kamata ya fi araha. Mai wasan jirgin ƙasa kullum cikin shimfiɗa sabon layi yake, domin abin da ma'aikata ɗaruruwa suka yi shekara suna ginawa, 'yan wasa sai su cinye shi a makonni. Alal misali, Star Wars: The Old Republic da Electronic Arts ya fitar a 2011 an ƙiyasta ya ci kusan dala miliyan 200, an ɗauki muryoyin layukan magana sama da 200,000, amma kafin shekara ta zagayo sai da aka buɗe shi kyauta saboda raguwar masu biya. A dandali kuwa 'yan wasa su ne labarin junansu. To me ya sa ba a ruga can ba?

Babban dalili shi ne ɗan Adam ba ya tsaruwa. Labarin EVE Online ya isa misali. A watan Janairu na 2014 wata ƙungiyar 'yan wasa ta yi sakacin biyan kuɗin riƙe wani yanki nata, abokan gaba suka ga dama ta samu suka afka. Aka gwabza na tsawon awa 21, 'yan wasa fiye da 7,000 suka shiga, dukiyar da ta salwanta in aka ƙiyasta ta da kuɗin gaske ta kai wajen dala 300,000. Ba wani marubucin kamfani da ya tsara wannan yaƙi, kuma jaridun duniya sun yi ta ba da labarinsa, wato talla ta kyauta. Amma a wasan nan dai, a 2009, shugaban wani banki da 'yan wasa suka kafa ya wawure ajiyar jama'a ya sayar da ita a kan kimanin dala 5,000 na gaske. Kamfanin ya kore shi, amma ba don satar ba, domin dokar wasan ba ta hana cin amana ba. Laifinsa shi ne sayar da kuɗin wasa a waje. Ƙaramin kamfani mai jama'ar da suka saba da irin wannan rayuwa yana iya jurewa. Kamfanin da ke neman mutum miliyan 10, ciki har da yara da iyayensu, ba zai iya ba.

Mu da muka tashi a bakin fadamar Hadejia da Nguru bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ruwa ɗaya ne, amma masunci da manomin shinkafa da makiyayi kowa da abin da yake so da shi, kuma kowa yana da gaskiyarsa. Abin da ya sa ake zaune shi ne akwai sarkin ruwa da masu unguwanni da dattawa, da al'adun da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna kafuwa, irin wadda ke hana taɓa wani ruwa sai ranar da aka buɗe shi, kamar yadda ake gani a bikin kamun kifi na Bade. Mai wasan dandali yana tara baƙi dubu ɗari a fili ɗaya rana ɗaya, ba dattijo, ba wanda ya san uban wani, ba mai jin kunyar wani. Dole shi ya zama sarki, ya zama alƙali, ya zama ɗan sanda, kuma duk hukuncin da ya yanke wani ɓangare zai yi fushi ya daina biya.

Sai kuma tattalin arziki. Idan 'yan wasa ne ke haƙo ƙarfe su ƙera takobi su sayar, to kasuwa ce ta gaske, mai hauhawar farashi da 'yan ɓoye kaya. Tun a 2007 CCP ya ɗauki masanin tattalin arziki, Dokta Eyjólfur Guðmundsson, aiki na dindindin don ya riƙa sa ido a kan kasuwar wasan. Gyara kaɗan a wuri ɗaya yana iya haifar da ɓarna a wani wuri da ba a zata ba. Waɗanda suka gina madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano ba su yi nufin ciyawar kacalla ta toshe magudanan ruwa a Nguru ba, amma canjin tafiyar ruwan yana cikin abubuwan da suka ba ta wurin zama.

Akwai kuma maganar cikar kasuwa. Maƙeri yana buƙatar mai haƙar ƙarfe, mai haƙa yana buƙatar mai rakiya, mai rakiya ba shi da aiki in babu 'yan fashi. Da zarar jama'a sun fara raguwa, kowa sai ya rasa abokin hulɗa, raguwar ta ƙara sauri. Wasan jirgin ƙasa kana iya buga shi kai kaɗai a tarago. Dandalin da ba kowa kuwa fili ne kawai.

Duk waɗannan sun haɗu a kan kamfanin Amazon, wanda ba wanda zai ce ba shi da kuɗi. A 2016 ya sanar da New World, kuma a gwajin farko wasan dandali ne sosai, kowa na iya far wa kowa. Da suka ga yadda ake cin zalin sababbin shiga, sai suka canza tsari tun kafin fitarwa, suka ce ba a faɗa sai da yardar juna, suka cusa ayyukan bi-da-bi irin na jirgin ƙasa. Wasan ya fito a Satumba 2021, kuma a makon farko an ga mutum fiye da 900,000 a ciki lokaci guda. Ba a jima ba aka gano hanyoyin ninka kuɗi da kaya ta ɓarauniyar hanya, har sai da kamfanin ya dakatar da ciniki tsakanin 'yan wasa na ɗan lokaci. Kafin wata shida ko kashi ɗaya cikin goma na jama'ar farko ba a samu. A watan Oktoba na 2025 Amazon ya ce ya daina yi wa wasan sabon abu. Kafin shi, EverQuest Next da aka yi ta yi wa shela a 2013 a matsayin babban wasan dandali na zamani, soke shi aka yi a 2016 ba tare da ya fito ba. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Inda Kuɗin Ya Nufa

Kada mai karatu ya ɗauka manyan kamfanoni sun juya wa dandali baya. Abin da suka ƙi shi ne cinikin biri a sama. Sai ƙaramin kamfani ya sha wahala ya tara jama'a, kasuwa ta ci, sannan su zo da kuɗi su saye. Minecraft mutum ɗaya ne ya fara shi a Suwidin a 2009, wato Markus Persson. A 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi miliyan 300. A 2018 kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya sayi CCP a cinikin da aka sanar ya kai dala miliyan 425. Albion Online, wanda wani ƙaramin kamfani a Berlin ya fitar a 2017, kamfanin Stillfront ya saye masu shi a ƙarshen 2020. Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na Rockstar. Wasu masu sha'awa sun ƙirƙiro wata manhaja mai suna FiveM wadda ke ba jama'a damar kafa garuruwansu a cikin GTA V, wani ya zama ɗan sanda, wani direban tasi, wani alƙali. A 2015 kamfanin ya rufe asusun waɗanda suka yi ta. A 2023 kuma ya saye ƙungiyar da ke tafiyar da ita.

Hanya ta biyu ta fi wannan riba, ita ce zama mai fili. Roblox, wanda ya fito a 2006, kusan ba ya gina wasa da kansa. Fili yake bayarwa da kayan gini, matasa su gina wasanninsu, in an kashe kuɗi a ciki a raba. A 2025 masu shigarsa a kullum sun haura miliyan 100, kuma a 2024 kaɗai ya biya masu gini fiye da dala miliyan 900. Kamfanin Epic ya bi sahu a 2023, ya buɗe Fortnite ga masu gini tare da alƙawarin ware musu kashi 40 cikin 100 na kuɗin shiga bayan cire wasu kuɗaɗe, a 2024 kuma Disney ya zuba dala biliyan 1.5 a Epic. Hikimar a bayyane take. In wasa ɗaya ya mutu, asarar mai gini ce, mai fili yana da dubbai a gefe. Wasu na ganin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tunda kaso mafi tsoka ba ya zuwa hannun magina, kuma akwai ƙanshin gaskiya a wannan zargi. Bugu da ƙari, matsalar tsaron dandali ba ta gushe ba, sai ma ta ƙara nauyi da yake yara ne suka fi yawa. A watan Agusta na 2024 ƙasar Turkiyya ta toshe Roblox a kan batun kare yara.

To ke nan amsar tambayarmu ta rabu biyu. Idan ana nufin wani babban kamfani ya ware dala miliyan ɗaruruwa da shekara shida ko bakwai ya gina duniya guda ɗaya irin ta Ultima ko EVE, inda ake kashe mutum a kwashe kayansa, ni ban ga alamar haka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Irin wannan wasa zai ci gaba da fitowa daga ƙanana da matsakaitan kamfanoni, ko daga aljihun masoya, kamar Star Citizen da ya fara karɓar gudummawa a 2012, ya tara sama da dala miliyan 700 zuwa 2024 alhali ba a kammala shi ba. Idan kuwa ana nufin filin da jama'a ke gina abin da suke so, to an riga an zuba jarin, kuma ya fi wanda aka taɓa zuba wa kowane wasan jirgin ƙasa.

Idan Aka Tsaya a Nguru Aka Duba

Yanzu mu dawo gida. Ko da an gina wannan duniya gobe, yaron gidan gem ɗin nan zai iya shiga? Abu na farko da zai tare shi nisa ne. Sabobin Albion Online, alal misali, suna Amurka da Singafo da Amsterdam. Duk motsin da ka yi sai saƙo ya bar wayarka, ya ratsa ƙasar nan har Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan amsa ta dawo. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tsawonta daga Fotugal zuwa Legas kusan kilomita 7,000 ne. Haske a cikin irin wannan waya yana tafiyar kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa a wannan zangon kaɗai ya ci kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa, ba a sa tafiyar Nguru zuwa Legas ba, ba a sa cunkoson sabis ba. A ciniki ko noma wannan jinkiri ba komai ba ne. A faɗa kuwa, kafin ka ga takobi ya riga ya sauka.

Na biyu kuɗi. Kuɗin wata na World of Warcraft kusan dala 15 ne. A canjin 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya kama fiye da naira 22,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a shekarar. A Janairu 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ga kuma abin da mu muka sani wanda mai tsara wasa a Berlin bai taɓa tunaninsa ba: a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an yanke layukan waya a Yobe na tsawon makonni. Wasan da ke buƙatar ka leƙa kullum don kada a ci garinka ba ya yi wa irin wannan uzuri.

Shi ya sa wasannin da suka samu shiga a wajenmu na waya ne, na kyauta, masu gajeren zango, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. In dandali zai iso mu, ta wannan ƙofa zai shigo. Roblox da Minecraft suna waya, Albion ma ya shiga waya a 2021. Masu jari kuma sun fara waiwayar nahiyar, domin kamfanin Carry1st da ke Afirka ta Kudu ya tara dala miliyan 27 a 2023, Sony ma ya sa hannun jari a cikinsa a 2024. Sai dai wannan jari na wasannin waya ne da hanyoyin biyan kuɗi, ba na gina manyan duniyoyi ba.

Rabon Ɗalibin Harshe

Wani zai ce, to ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan duka? Ruwansa shi ne nau'o'in nan biyu ba su ɗauki harshe ɗaya ba. A wasan jirgin ƙasa magana ta kamfani ce, shi ya rubuta, shi zai biya a fassara. Layuka 200,000 ɗin nan na The Old Republic da Faransanci da Jamusanci kawai aka fassara su bayan Turanci, domin can masu biya suke. Ba na jin akwai ranar da za a yi wa Hausa irin wannan hidima, duk da miliyoyin masu jin ta. A dandali kuwa magana ta waɗanda suka hallara ce. Ni a gida harshen Bade muke yi, Hausa a waje na tsince ta, a wurin wasa da kasuwa, inda Bamange da Bafulatani da Bahaushe da mu muke haɗuwa ba wanda ya ce mana ga harshen da za a yi. Haka nake jin samari huɗu suna buga Free Fire a waya, rubutun fuskar wasan duk Turanci, amma umarni da zolaya da faɗa duk da Hausa. Har kalmomi sun fara zama. "Gem" ta shiga, an kuma ba ta aikatau "buga" kamar ƙwallo. Babban dodon ƙarshen mataki "bos" ake ce masa, kalmar da ta riga ta zauna tun zamanin finafinan Indiya da na Cana, inda take nufin mugun fim. Wannan fage ne na bincike ga mai neman batun kundin digiri a kan aron kalmomi.

Akwai ma aikin da ba sai an jira kowa ba. Fassarar Minecraft na kwamfuta 'yan sa-kai ne ke yin ta a wani shafi mai suna Crowdin, kuma ta wannan hanya Yarbanci da Igbo suka shiga jerin harsunan wasan. Lokacin da na duba jerin ban ga Hausa ba. Da na zauna na gwada fassara sunayen kayan wasan a takarda, sai na tarar rabin aikin kakanninmu sun gama shi, domin wasa ne na haƙa da noma da ƙira: diga, shebur, gatari, fartanya, fatsa, kwalekwale, gawayi, yumɓu, tsakuwa, uwar maƙera. Wahalar tana wajen halittun da babu su a duniya, kamar koren abin nan da ke laɓaɓowa ya fashe a bayan mutum. A bar masa sunansa na asali, ko a raɗa masa na Hausa? Idan an ce "dodo", to sauran dodannin fa?

Abin da ya fi tsayar da ni kuwa ƙaramin abu ne. Wasan yana da kalma ɗaya ta yashi, Hausa kuma tana da aƙalla biyu. Magini ya san yashi shi ne mai ɗan kaushi da ake ɗebowa a kogi a kwaɓa da siminti, rairayi kuma mai laushin nan da iska ke kwasa. A cikin wasan abu ɗaya ne ake samu a bakin ruwa da kuma cikin hamada, ana gini da shi, ana kuma narka shi a yi gilashi. Na tambayi abokan karatuna biyu, Bakano da Basakkwace, kowa ya zaɓi daban, kuma kowa ya kawo hujjarsa. A takardata dai na rubuta yashi, na sa rairayi a gefe da fensir.